AS da AS: in an haifi mai sikila ɗaya, saura sun tsira?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum. Miji da mata duk AS ne, ɗan fari ya zo SS. Wai ukun da za su biyo baya sun kuɓuta ke nan?

Ɗan_Lab:
Wa alaikumus salam. A'a, 'yar'uwa, kowane ciki lissafinsa daban. Uwa tana bayar da A (na lafiya) ko S (na sikila), uba ma haka. A kowane ciki, yiwuwar AA kashi 25 ne cikin 100, AS kashi 50, SS kashi 25. Ana iya samun SS biyu a jere.

Ungozoma:
Don Allah a gwada jariri da wuri, kada a jira alama. Irin jinin da ya fito da shi daga ciki kan ɓoye ciwon zuwa wajen wata 6.

Ɗan_Lab:
A kula da AC ma, wato mai ɗauke da wani nau'in da ake kira C maimakon S: in ya haɗu da AS ana iya haifar SC, ita ma sikila ce.