Zanen sola yana haɗe layi a inda babu bayanai, ina mafita?

Mai Ƙanƙara, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da sola a shagona na ƙanƙara, inbata mai kilowat 5, kuma 'yar na'urar da ke jikinta tana tura bayanan wutar da sola ke bayarwa ta intanet duk minti 5. Ina sauke su in zana a manhajar lissafi ta Excel. Ranar Talata sabis ya ɗauke tun ƙarfe 11 har 2 na rana, amma a zanen 11 da 2 suna manne da juna, tudun tsakar rana ya ɓace gaba ɗaya. Ni kuwa da wannan zanen nake son yanke shawarar ƙara firiza. Yaya zan yi giɓin ya fito da faɗinsa na gaskiya?

Mai Haɗa Sola, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Nau'in zanen ne. Zanen layi na Excel jera bayanai yake yi ɗaya bayan ɗaya, tazara iri ɗaya, bai damu da agogo ba. Ko ka ce masa abin da ke jere a ƙasan zanen kwanan wata ne, ƙaramin ma'auninsa yini guda ne, sai ya tara maka bayanan yinin a wuri ɗaya. Ka koma nau'in Scatter, wato zanen ɗigo-ɗigo, lokaci a ƙasa, wat a gefe. Nan awa 3 za ta ci filin awa 3. Sai dai zai ja miƙaƙƙen layi ya tsallake giɓin, don haka ka saka jere guda a tsakani mai lokaci amma gidan wat babu komai. Layin zai yanke.

Ɗalibi a Zariya:
Oga, me zai hana a cike wurin da sifili kawai?

Mai Haɗa Sola, Sabon Gari:
A'a ƙanina, kada ka soma. Sifili na nufin fanel bai ba da wuta ba. Alhaji kuwa firizojinsa suna ta aiki, saƙo ne kawai bai isa ba. Ka sa sifili a tsakar rana, gobe wani ya hau kwano yana neman matsalar da babu ita, ko a ce masa ya sayi sabon batir.

Hajiya Mai Kemis:
Alhaji, idan lissafin firiza kake yi, ka duba jimillar wutar yini da inbata ke ƙirgawa da kanta. Ba ta tsayawa don intanet ya yanke. Ɗebe adadin ƙarfe 11 daga na ƙarfe 2, ka san abin da ka samu a tsakani. Ka kuma duba agogon na'urar. Tamu ta zo a kan UTC, wato agogon duniya na GMT, mu kuma muna gaba da awa 1, sai ƙololuwar rana ta riƙa fitowa kafin 12, alhali a nan arewa wajen 12 da rabi take kaiwa.

Mai Ƙanƙara, Gusau:
Allah ya saka da alheri. Giɓin ya fito sarai, agogon ma daidai yake. Zan tara bayanai har zafin Afrilu ya shigo kafin in taɓa maganar firiza.