'Yata ta dage sai ta shiga sumo, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekararmu ta uku ke nan a Japan, maigida yana karatu. 'Yata mai shekara 10 ta raka ƙawarta kulob ɗin sumo (kokawar gargajiya ta Japan) na unguwarmu sau biyu, ta dawo ta ce ita fa sai an sa ta. Babanta dariya kawai ya yi, wai jinin kakanta ne, don tsohon ya yi kokawa a ƙauye. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ga maganar sutura, ga tsoron kada a ɗura mata abinci ta yi irin ƙibar mazan da muke gani a talabijin. Kuma na ji an ce ba a ma barin mace ta taka filin, to wahalar me za ta je sha?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Abin da kika ji rabinsa gaskiya ne. Sumon ƙwararru, wanda ake nunawa a talabijin, shi ne ya hana mata hawa dohyo, wato da'irar nan ta yumɓu mai faɗin mita 4.55. Ko a 2018 da magajin garin Maizuru ya yanke jiki ya faɗi a ciki, mata suka ruga ceto shi, sai aka yi ta shela a lasifika su sauko. Daga baya shugaban hukumar sumon ƙwararru ya ba da haƙuri. Amma na 'yarki sumon sha'awa ne, hukumarsa daban, kuma tun 2001 ake gasar duniya ta mata. 'Yan Yukiren da Rasha da Folan sun sha kayar da 'yan Japan ɗin ma.

Tsohuwar 'yar judo: Anti, batun ƙiba ki cire shi a ranki. A gasar duniya ta mata akwai ajin nauyi, mafi ƙanƙanta na 'yan ƙasa da kilo 65 ne. Ƙarfin ƙafa da ƙugu ake nema. Ɗamarar da suke kira mawashi kuma a kan kaya mata ke ɗaura ta, ba kamar maza ba. Sai dai kayan matsattsu ne, ki tambayi malaminsu ko zai yarda da dogon wando da riga mai hannu.

Hajiya Babba: 'Yar nan, ni dai ban ga dacewarsa ba. Ko a gida yaushe kika ga mace a filin kokawa? Ki nema mata gudu ko wani abin.

Maman Biyu: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ai guje-gujen ma da can cewa ake ba na mata ba ne. Ni abin da ya fi damuna daban ne: a kulob ɗin yara, saboda ƙarancin mata, sau da yawa da maza ake haɗa su atisaye, ƙirji da ƙirji. Yanzu tana 10, amma nan da shekara biyu fa? Wannan shi ne abin tambaya tun kafin ki biya kuɗin rajista.

Mai tambaya: Kai, wallahi wannan bai zo min a rai ba sam. Na gode ƙwarai. Ranar Asabar zan raka ta da kaina in ƙirga 'yan matan da ke wurin, in kuma yi wa malamin maganar wandon. Hajiya, ki yi haƙuri, ba ƙin maganarki na yi ba, bari dai in gani da idona tukuna.