Za mu yi aikin agaji a Sallar Gani ta Gumel, ban taɓa yi ba, a taimaka min da shawara

Ɗan Gagarawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa aikin agaji a babban taro. Ni a wani ƙauye nake ta ɓangaren Gagarawa, akwai wata ƙungiyar tallafa wa marayu da na shiga wata huɗu da suka wuce, to bana sun ce za su kafa rumfa a Gumel lokacin Gani, a raba ruwan leda kyauta, a riƙa tattara yaran da suka ɓace wa iyayensu, sannan a ajiye akwatin taimako saboda kayan makarantar marayu. An sa sunana cikin mutum 12 da za su je. Gani kam tun ina yaro baffana yake ɗora ni a wuya muje, amma kallo ne yake kai ni, in ji kakaki da algaita da tambari, in ga 'yan tauri da 'yan bindiga, in ci tsire in dawo gida. Aiki dai ban taɓa yi ba, kuma wlh tun da aka faɗa min gabana yake faɗuwa, idan mutum ya yanke jiki ya faɗi a gabana me zan yi masa, ni sakandare kawai na gama. Me zan riƙe in tafi da shi? Sannan ga Baba bai so tafiyar ba, ya ce gero ya nuna ga tsuntsun jan baki ya fara sauka, wai kiɗa zan je ji kawai nake fakewa da marayu. Ba biyanmu za a yi ba, kuɗin mota ne kawai da abinci. Saura sati uku.

Tsohon ɗan agaji, Haɗejiya:
Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yi albarka. Na yi shekaru ina sa kaki a hawan sallah da wajen wa'azi da mauludi, abu na farko da zan gaya maka shi ne ka cire wa ranka kallo. Ɗan agaji baya yake ba wa hawa, fuskarsa tana wajen jama'a. Lokacin da kakaki ya tashi aka ce ga Sarki nan kowa ya ɗaga wuya ya ɗaga waya, to a daidai lokacin ne tsohuwa take durƙushewa, yaro yake sulalewa daga hannun uwarsa, ɗan sane yake aikinsa. Idan kai ma ka juya kana kallon 'yan lifidi to wa ya rage yana kallon mutane? Bana dai ka haƙura, Ganin baɗi tana nan in da rai.

Ku je tun ana gobe, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku taka da ƙafa daga inda za ku kafa rumfa har ƙofar fada, ku ga lungunan da mutum zai iya fita in an cushe, ku san hanyar da keke napep zai bi ya kai babban asibitin Gumel ba tare da ya ratsa hanyar dawaki ba, kuma ku karɓi lambar mai keke guda biyu ku yi magana da su tun da wuri. Ku je ku gaida dogarai da 'yan sanda da sauran 'yan agajin da za ku tarar, don akwai ƙungiyoyin da suka daɗe suna wannan aikin, ku faɗa musu ga mu ga abin da muka zo yi. Kar ku dogara da waya, in taro ya cika sabis ɗaukewa yake, ga ƙarar bindiga da kiɗa ko ta shiga ba ka jin me ake cewa. Ku sa wuri ɗaya da kowa ya sani, ku yi ta haɗuwa a can duk bayan awa ɗaya ko biyu, kuma kar kowa ya yi yawo shi kaɗai, bibbiyu za ku riƙa tafiya.

Kaya kuwa ba yawa ake so ba. Takalmi sau ciki wanda ka saba da shi, ban da silifas, an taka maka shi sau ɗaya ya tsinke shikenan. Hula ko malafa, usur, 'yar jaka da za ka rataya ta gaba, biro da ƙaramin littafi, fawa bank, leda babba ko rigar ruwa tunda Gani ta faɗo cikin damina. Ka ci abinci mai riƙe ciki da safe, ko fura ce ka sha ka ƙoshi, na sha ganin ɗan agajin da ya zo taimako ya ƙare shi ake yi wa fifita. Sai wajen jafi, in mahaya suka sako dawaki a guje kar ka yarda ka tsallaka wai za ka ɗauko yaro ko hular wani, tun kafin a fara za ku mayar da yara baya.

Anti nas, Ringim:
Ɗana tsoron da kake ji alama ce mai kyau, wanda ba ya tsoro shi ne yake ɗura wa sumamme ruwa. Ka riƙe wannan da kyau, wanda ya suma ba a ba shi komai ta baki, ba ruwa ba lemo ba nono, zai iya shaƙewa. Ku janye shi inuwa, ku kori masu kallo ya samu iska, a sassauta masa riga, in yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, a shafa masa ruwa a jiki ana fifita. Sai ya farfaɗo yana magana da hankalinsa sannan a ba shi ruwa kaɗan kaɗan. In kun samu ORS na leda, wato haɗin gishiri da sukari da ake jiƙawa a ruwa a sha, a kemis ku saya ku riƙe, in babu to lita ɗaya na ruwa mai tsafta, wato kamar ruwan leda biyu, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Amma in jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, ko ba ya numfashi yadda ya kamata, ba na rumfa ba ne, asibiti da gudu.

Farfaɗiya ita ce tafi ban takaici don mutane darewa suke wai yawun yana sa a ɗauka, ba a ɗaukarta wlh, ni da hannuna nake kula da su. Kar a danne shi, kar a cusa masa cokali ko tsinke a baki, a kawar da duk abin da zai buge shi, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in ta sake shi a juya shi ta gefe. In ta wuce minti 5 bata tsaya ba a kai shi asibiti. Haɓo kuma sunkuyar da kai gaba ake yi a matse hanci minti 10, ba ɗaga kai sama ba kamar yadda muka taso muka ga ana yi. Ƙunar albarushi ko ta salansar babur a yi ta zuba ruwa mai sanyi kamar minti 20, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai. Wanda doki ya kayar ko ya taka kuma yana kukan wuya ko baya, kar ku cicciɓe shi kamar buhu, ku hana shi motsi ku kira ma'aikatan lafiya. Ku sayi safar hannu kwali ɗaya saboda jini. Kuma dan Allah kar ka ba kowa ƙwaya ko da farasitamol ne, baka san mai olsa ba baka san mai ciki ba. Tunda da sauran sati uku ku roƙi shugabanku ya nemo muku wani daga Red Cross ko ma'aikacin asibitin garinku ya koya muku a aikace ko na yini ɗaya ne, musamman danna ƙirji, wannan ba a koyonsa a rubuce.

Malamin firamare, Sule Tankarkar:
Ni maganar raba ruwan nan ce ta tsaya min. Kyauta a cikin taro ita ce mafi haɗari a duk abin da ka lissafa. A watan Disambar 2024 yara 35 suka rasu a Ibadan a turmutsitsin wajen wani bikin yara da aka ce za a yi rabo, cikin satin kuma aka sake yi a Abuja da Okija ta jihar Anambra wajen rabon kayan abinci, duk da niyyar alheri aka tara mutanen. To kar ku kuskura ku tsaya kan mota kuna jefa ruwa, kar kuma a yi shela a lasifika cewa ga kyauta a wuri kaza. Ku ɗebi kaɗan kaɗan a bokiti ku bi mutane da shi, tsofaffi da masu goyo tukuna, ragowar buhunan a ɓoye a bayan rumfa. Rumfar ma kar a kafa ta a bakin lungu ko jikin katanga inda ba mafita. In kai kanka ka tsinci kanka a matsi har ka ji ƙafarka ba kai kake juya ta ba, ka dunƙule hannuwa a gaban ƙirji don ka samu numfashi, kar ka sunkuya ɗaukar komai, ka bi da gefe gefe har ka fita.

Baban Walida:
Ni dai gaskiya duk wannan bayan yardar mahaifinka ne. Taimakon marayu lada ne babu musu, amma ka bar tsoho da gona tsuntsu yana cin gero ka tafi neman lada a Gumel? Mutum 11 sun isa su yi. In ya ce a'a ka zauna.

Tsohon ɗan agaji, Haɗejiya:
Baban Walida gaskiyarka ne, ba wanda zai ce ya tafi ba izini. Amma ni ban ji Baba ya hana ba, zargi ya yi cewa kiɗa ne zai kai shi, kuma duk wanda ya haifi saurayi ya san dalilin zargin. Ƙanina kar ka yi musu da shi. Ka samu baffan naka ko limamin garinku, ko shugaban ƙungiyar ya tako da kansa ya gaida shi ya yi masa bayani da takarda a hannu, manya sun fi jin maganar manya. Sannan ka faɗa masa ranar tafiya da ranar dawowa da wanda zai tsare maka gonar.

Maman Hanif, Maigatari:
Cikin ku 12 ɗin nan akwai mata kuwa? In babu ku nema ko biyu ne, don yarinya 'yar shekara uku da ta ɓata ba za ta yi shiru a hannun ƙato mai usur ba, haka macen da ta suma ba kowane miji ne zai yarda namiji ya taɓa ta ba. Ku tanadi tabarma da biskit da buta. Abin da nake so in ja kunnenku a kai shi ne miƙa yaro, ba duk wanda ya zo yana salati ya ce nawa ne za ku ba shi ba. Ya faɗi sunan yaron da kalar kayansa kafin ya gan shi, ku duba yadda yaron zai yi in ya hango shi, ku rubuta sunansa da garinsu da lambar waya, in kun ji shakka ku haɗa da 'yan sanda. Kuma ku tuna Gumel ba mu kaɗai muke zuwa ba, mutanen Nijar suna shigowa ta nan wajenmu, ga Fulani daga rugage, in da mai jin Fulatanci a cikinku zai yi amfani sosai. Mu iyaye ma da laifinmu, a rubuta lambar waya a takarda a sa wa yaro a aljihu ai ba wuya.

Mai shago a Gumel:
Akwatin kuɗin nan ku yi hattara da shi. Na taɓa shiga wata ƙungiya muka yi irin wannan tarin, mutum ɗaya ya tafi da akwati gida ya kwana da shi, da safe abin da ya kawo bai kai abin da idonmu ya gani ba, har yau wasu ba sa ga maciji, ni kuma kunyar waɗanda na roƙa ta sa na daina bi ta layinsu kusan shekara. A sa kwaɗo, makulli a hannun wani akwati a hannun wani, a ƙirga a gaban mutum uku kafin kowa ya tafi, a rubuta a sa hannu. Masu cewa za su yi taransifa a ba su akawun ɗin ƙungiya, kar ka taɓa ba da naka ko da na minti ɗaya ne. Ku zo da katin shaida da takardar izini, kuma kar a jera marayu a rana ana ɗaukarsu hoto don a ji tausayi, 'ya'yan mutane ne. In kun iso ku neme ni ta inbox, akwai randa da benci biyu zan ara muku.

Ɗan Gagarawa:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Jiya da daddare baffa ya je ya samu Baba, sun daɗe a zaure, ƙarshe ya yarda amma da sharaɗin sai mun yanke geron gonar bayan gari kafin in tafi, abokaina huɗu sun ce za su zo mu yi gayya ranar Asabar. Na tura wa shugabanmu duk abin da kuka rubuta, ashe mace ɗaya ce a cikinmu, yanzu ana neman ƙari, kuma ya ce zai yi magana da mai kula da asibitin garinmu kan koyarwar. Anti nas tambaya ɗaya ta rage, ina da ƙane mai sikila ɗan shekara 14 ya nace sai ya bi ni, in tafi da shi?

Anti nas, Ringim:
A'a ɗana, kar ka haɗa aiki da reno. Mai sikila rana da ƙishirwa da gajiya da dukan ruwan sama duk suna tayar masa da ciwo, kai kuma ba za ka samu sukunin sa masa ido ba. In dole sai ya ga hawan to baffa ya kawo shi daban, ya zauna a inuwa da gorar ruwansa da rigar sanyi a jaka, su juya gida kafin magariba. Ka turo min lambar shugaban naku, akwai bandeji da auduga da zan aiko muku ta motar Gumel.