Neman kalmar Hausa: tarin ƙyallen mai ɗinki, taska ne ko rumbu?

Salamu alaikum, masu kishin harshe. Kalma biyu na kawo yau. Ɗaya na riga na yanke mata hukunci, ɗayar kuwa ita ta hana ni sakat tun ranar Asabar.

Ƙanwata da ke aure a Amurka ta shiga ƙungiyar wasu mata masu ɗinkin abin rufa da suke kira “quilt”. Ta kira ni ta bidiyo, ta zagaya da ni ɗakin ɗinkin wata tsohuwa 'yar ƙungiyarsu. Bango guda kanta ce hawa-hawa, ƙyallaye a ninke a tsaye kamar littattafan malami, ja a gefe, shuɗi a gefe, har da wani ɗan akwati da ba komai a ciki sai guntaye masu faɗin tafin hannu. Ta ce, “Yaya, wannan tarin shi suke ce wa ‘stash’.” Na sunkuya na leƙa ƙarƙashin teburin kekena: buhun shinkafa biyu maƙil da ragowar atamfar Sallar bara, da wata Gana-mas-go da zif ɗinta ya mutu tuni. Na ce to mu fa, me muke kiran namu? Ta kwashe da dariya ta ce, “Shara.”

Bari mu fara da mai sauƙin. Abin rufar nan falle uku ne. Na sama shi ne wanda aka harhaɗa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, sannan a bi da allura a ɗinke duka ukun layi-layi don kada audugar ta gudu ta dunƙule a gefe guda. Wannan ɗinkin na ƙarshe shi ne maganar. In babu shi, ba a yi komai ba. Shi ya sa “haɗin ƙyalle” kaɗai bai isa ba: rigunan da 'yan Baye Fall, wasu mabiya ɗariƙar Muridiyya a Senegal, ke sawa haɗin ƙyalle ne, amma ba a cusa musu komai. Bargo da gwado kuwa saƙa ce, ba ɗinki ba.

Kalmar tana nan a gidanmu, mun dai bar wa dawaki ita. Lifidi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ya ga 'yan lifidi, doki da mahayinsa a lulluɓe cikin tufa mai kauri, an cusa mata audugar rimi an ɗinke don kibiya ta kasa ratsawa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa sarautarsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Wato sama da shekara 600 ke nan muna wannan ɗinki. Don haka ni dai: aikin sunansa ɗinkin lifidi, abin rufar kuma bargon lifidi.

Wani dattijo da ke bibiyar wannan shafi ya rubuto cewa, “'Yata, lifidi kayan yaƙi ne, kada a kai shi gadon amarya.” Baba, Allah ya ƙara girma, na ji. Amma garkuwa ma kayan yaƙi ce, ga shi yau likita na ce mana garkuwar jiki ba wanda ya tsorata. Sanyin Janairu a Kano ma ai abokin gaba ne.

To, ga mai wuyar.

Sai mun fahimci abin da matan can ke nufi tukuna. Ba ragowa kawai suke nufi ba. Mai ɗinkin lifidi a Amurka takan sayi yadi ba tare da ta san ranar da za ta yi amfani da shi ba, don dai launin ya burge ta, ta haɗa da guntayen da suka rage daga ayyukan baya, ta adana shekara da shekaru. Bargo guda na iya cin launi ashirin ko talatin, kowanne ɗan kaɗan, saboda haka wadda ba ta da tari ba ta da sana'a. A Turancin kuma kalmar na da ƙanshin ɓoyo. Ƙanwata ta ce har barkwanci suke yi na shigo da sabon yadi gida ba tare da maigida ya gani ba. Wannan kam ba sai an fassara wa matan Kano ba, duk mai zuwa Kantin Kwari ta san hanyar.

Kuma ba duka masu wannan ɗinki ne 'yan saye ba. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, da tsofaffin wandunan aiki da buhuna suka yi nasu, don maganin sanyi. A 2002 aka baje barguna nasu a gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotunan bargunan a jikin kan sarki na aika wasiƙa a Amurka. Tarinsu ya fi kama da buhun da ke ƙarƙashin teburina fiye da kantar tsohuwar nan. Kalmar da za mu zaɓa dole ta ɗauke su duka biyun.

Na tambaye ku sunan da za mu ba wannan tari da Hausa, ga abin da kuka kawo tun safe.

Teloli da yawa sun ce ai muna da ita, “fisis”. Gaskiya ce, haka muke faɗa a shago. Amma fisis sunan guntu ne, ba sunan tarin da aka yi da niyya ba, kuma yadi uku da na saya na ajiye ba fisis ba ne. Tsumma kuwa zagi ne. Tuli da tsibi sun bayyana halin da nake ciki, ba inda nake so in je ba. Ajiya ta yi faɗi, tana kuma jan hankali zuwa ga amanar wani. Wata ta ce asusu, na so shi na ɗan lokaci, sai na tuna asusu fasa shi ake yi rana guda.

Wata Hajiya daga Zariya ta ce adudu. Hajiya, kin tuna min da kakata. Adudunta na saƙa ne an lulluɓe shi da fata, in ta buɗe sai ƙanshin kafur da turaren wuta su cika ɗaki, ta zaro saƙi mai nauyi da ba ta ɗaurawa sai biki. Sai dai adudu mazubi ne. In tarin ya koma kanta ko sif, sunan ya faɗi. Yaran yanzu kuma rabinsu ba su taɓa ganinsa ba.

Taska ita ta fi samun ƙuri'a, kuma ba zan ce ba ta da kyau ba. Tana da daraja, tana da wancan ƙanshin ɓoyon. Matsalata da ita guda ce: abin da ya shiga taska ba ya son fita. Ita ce cutar da ƙanwata ta ce tana damun matan can, a sayi yadi a yi ta kallo, a kasa sa masa almakashi.

Ni rumbu na zaɓa. Rumbun ƙyalle.

Ku duba yadda manomi ke yi da rumbunsa. Da kaka yake cika shi, ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har shekara ta zagayo. Tela ma kakarta watan azumi ne da gabanin babbar Salla, lokacin da guntaye ke zuba kamar ruwa; bayan Salla, in shago ya yi tsit, sai a koma kansu. Rumbu ba don kallo aka yi shi ba, don ci aka yi shi. Kuma abin da ya fi burge ni, duk dokar ajiyar ƙyalle da ƙanwata ta karanto min tana cikin ginin rumbu tun asali.

Rumbu ba ya zama a ƙasa, a kan duwatsu ake ɗora shi saboda gara da danshi. Wannan darasin da kuɗina na saye shi. Daminar shekaru uku da suka wuce na jingina buhu guda da bango, a kan siminti, ciki har da ragowar wata holan mai ruwan goro da na yi wata shida ina lallaɓawa. Da kaka na ɗaga buhun sai gindinsa ya zauna a ƙasa. Gara ta gina hanyarta ta bayan buhun ta shige, ta mai da rabin kayan ƙasa, holan ɗin nan ta zama kamar rariya. Na zauna a kan tabarma na yi shiru, yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina ta ɗauka rasuwa aka yi.

Rumbu yana shan iska. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce me zai hana a ce rufewa, tunda ta ƙasa ce, ta fi tsaro. Malam, nan ne ma na fi son rumbun kara. Auduga na son numfashi. In kin ɗaure ta a leda da damina, ko kin danne ta a roba mai murfi da ɗan danshinta, fumfuna za ki tarar, da wannan warin da wanki biyu ba ya fitarwa. Rumbu kuma yana da jinka, rana ba ta dukan abin da ke ciki. Ƙyallen da aka jera a kanta kusa da taga, bakin ninkin kaɗai ke koɗewa, ki buɗe ki ga farin layi ya ratsa tsakiya. Labule mai kauri ya wadatar, shi ne kuma maganin ƙurar hunturu.

Sannan ba a zuba damin da bai bushe ba, ba a kuma haɗa gero da dawa. Kafin ƙyalle ya shiga rumbuna yanzu sai an wanke shi, an ga ko yana zuba, musamman ja da baƙi, don ja guda ya isa ya ɓata bargon da aka yi wata biyu ana haɗawa. Wankin yana fitar da sitati, wanda kyankyasai ke bi. A shanya ya bushe ƙarau, a goge. Atamfa da atamfa, shadda daban, leshi da roba-roba can gefe, tunda ɗinkin lifidi auduga zalla ya fi so.

Ninki kuwa dabarar matan can na ɗauka: a naɗe kowane ƙyalle a jikin rula mai faɗin inci 6, a zare rular, duk su fito kai ɗaya, a jera su a tsaye yadda ido zai ga kowanne ba sai an tona ba. Wasu a kwali suke naɗewa, amma kwalin kanti in ya daɗe yana sa farin yadi ya yi rawaya. Ƙananan guntaye tun ranar ake yanka su, dogaye masu faɗin inci 2 da rabi, ko murabba'i inci 5, su ne awon da aka fi ɗinki da su a can. Abin da bai kai haka ba ya tafi cikin matashin kai.

Akwai wata 'yar kalma da ta biyo baya, “fat quarter”. Kwatar yadi ce, amma maimakon a yanko siriri inci 9 da 44, sai a yanki rabin yadi a raba shi biyu, ya ba da inci 18 da 22. Wani ya ce kwata mai ƙiba. Mun yi dariya, amma kwata mai faɗi ta fi, kuma ba na jin akwai gardama.

Bayan la'asar na ƙirga: taska ta fi yawan masoya, amma kusan duk masu riƙe da almakashi rumbu suka bi. Marubuta ku yi haƙuri, masu keke sun rinjaye ku. Kafinta zai zo jibi ya buga min kanta huɗu, ta ƙasan taƙi biyu daga siminti, da ɗan rata tsakaninta da bango.

Saura audugar tsakiya, wadda har yanzu ba ta da suna. Wani ɗalibi ya ce tunda abin da ke cikin ƙashi ɓargo ne, abin da ke cikin bargo ma a ce masa ɓargo. Ɓargon bargo. Ƙanena, ka iya, amma rabin wayoyin da ke wannan shafi ba su da ɓ mai lanƙwasa, za a wayi gari ana rubuta bargon bargo. Mu bar ta sai mako mai zuwa, yanzu ina da buhu biyu da zan zazzage.