Intanship a bankunan Landan na ɗalibai baƙar fata, wa ya taɓa gwadawa?

Ummi_Leeds: Salam 'yan uwa. Ina aji biyu a jami'a nan Leeds, tattalin arziki nake karanta, wata 'yar ajinmu 'yar Ghana ke ce min wai akwai shiri na musamman da ake ɗaukar baƙar fata da sauran tsiraru su yi intanship, wato aikin koyo na ɗan lokaci a kamfani, a harkar kuɗi, har biya ake. Da gaske ne? Mu masu bizar ɗalibi muna ciki? Ga Abba kuma, yana jin kalmar banki ya ce riba, wato kuɗin ruwa.

Sadiq_CanaryWharf: Wslm ƙanwata, gaskiya ta faɗa miki. Ki duba 10,000 Black Interns, a 2020 suka fara da gurbi 100 a kamfanonin zuba jari kafin abin ya bunƙasa, aƙalla sati shida ake yi kuma da albashi. Sai ƙungiyar SEO London mai taimaka wa ɗalibai neman aiki, su har CV za su gyara miki su koya miki yadda ake intabiyu. Amma fa kada ki yi sanya, manyan bankuna tun Agusta ko Satumba suke buɗe neman na shekara mai zuwa kuma suna ɗauka ne yadda takardu ke shigowa, ni shekarar farko na tsaya jiran ranar rufewa ashe gurbi ya cika tuni, ba ƙaramin haushi na ji ba. Aji biyu ma shi ne daidai lokacin, wanda ya yi ƙoƙari a sati goman intanship ɗin bankunan sau da yawa da takardar aiki yake komawa aji uku.

Hajiya_Binta: Maganar biza, awa 20 a sati ne lokacin karatu, lokacin hutu kuwa za ki iya aiki cikakke, to ke ba ki da matsala. Masu mastas na shekara ɗaya ne ke shan wahala don watannin rubuta project ana lissafa su cikin zangon karatu.

Malam_Nura: Kada a raina damuwar mahaifinki. Ba duk aikin ba ne ba da bashi da ruwa, akwai bankin Musulunci irin Al Rayan, gwamnatin Birtaniya ma da kanta ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa ruwa, na fam miliyan 200 a 2014. Ki tambayi malamin da Abban ya yarda da shi tukuna.

Ummi_Leeds: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Sadiq in turo CV ɗin ka duba min? Shafi biyu ne.

Sadiq_CanaryWharf: Mayar da shi shafi ɗaya sannan ki turo.