Shawarwari ga Mai Neman Tsohon Turaren Rosine

Masu tara tsohon turare da suka tattauna kan gidan Parfums de Rosine, wanda mai tsara tufafi Paul Poiret ya kafa a Paris a 1911 da sunan 'yarsa, sun fi jan kunne kan abu guda: kada a rikita shi da kamfanin da ya farfaɗo da sunan a 1991. Wanda ya samu kwalbar Nuit de Chine, ɗaya daga cikin turarukan tsohon gidan, ya duba hatimin murfi da launin ruwan, domin idan ya yi duhu kamar zuma, sau da yawa ƙamshin farko ya riga ya tashi. A ɓoye ta daga rana da zafi. Mai son shaƙar asalin ƙamshin kuwa, gara ya nufi ma'adanar turare ta Osmothèque da ke Versailles, kusa da Paris.