Musayar Waƙa: Me Ke Sa Amshi Ya Zauna a Ka?

Makaɗin Agege

Assalamu alaikum jama'ar Legas. Waƙoƙi biyu, kayan kiɗa iri ɗaya, ɗaya ta liƙe a bakin yara, ɗaya ta wuce ba a waiwaye ta ba. Mene ne dalili? Zan fara da awo, amsa-amona "wa". Mai amsawa ya zaɓi nasa.

Da sunan Allah nake buɗe fage,
Kan waƙar zamani muke tattaunawa.

Kafin kalma, kafin a taɓa fiyano,
Gudun kiɗa shi ake fara yankewa.

Bugu 95 zuwa 110 cikin minti,
A nan kiɗan Afrobeats ya fi tsayawa.

Amapiano, baƙuwar Afirka ta Kudu,
Wajen 112 take bugawa.

Ta bege kuwa, mai sa a yi tagumi,
Ƙasa da 90 ake sassautawa.

Bugu huɗu ka ƙirga, zango ɗaya ke nan,
Da shi maginin waƙa yake aunawa.

A gudun 100, amshi mai zango 8
Sakan 19 kacal yake cinyewa.

Baiti mai 16 ninki biyu ne,
Sakan 38 kafin ya kai ga ƙarewa.

To ɗora masa share fage na sakan 10,
Sai a 48 amshi ke shigowa.

Ita ko Spotify, manhajar jin waƙa, ba ta lissafa ji
Sai an kai sakan 30 ana saurarawa.

Yatsan mai waya ba shi da haƙuri,
Tun kafin nan ya yi gaba da latsawa.

Dabara biyu ce: rage baiti zuwa 8,
A sakan 29 amshi na faɗowa,

Ko ka buɗe da amshin tun daga farko,
Baiti ya biyo baya yana warwarewa.

Amshi uku, baiti biyu, gada guda (ɗan sashen canjin kari),
Minti uku bai cika ba ake rufewa.

Malamar Idi-Araba

Sannu da aiki ƙanena, lissafi ya yi,
Sai dai agogo ba ya kama zuciya.

Ka ce gudu ne farko, ni na ce harshe,
Don Hausa da karinta take tafiya.

Kowace gaɓa tana hawa ko sauka,
Ko ta faɗo daga sama a numfashi ɗaya.

In kalma ta hau, kari kuma ya sauka,
Kunnen Bahaushe zai ji an yi ƙarya.

Shi ya sa ɗora Hausa kan karin aro
Kan sa mawaƙi ya sha baƙar wuya.

Maganinsa: faɗi layin da baki,
Yadda za ka faɗa wa wani a hanya.

Sau biyar, sau shida, ka naɗa a waya,
Ka saurari hawa da saukar murya.

Karin da za ka rera yana cikin zancen,
Faɗaɗa shi kawai, kada ka juya.

Sai nauyin gaɓa, doguwa da gajera,
Awon da marubuta suka bi tun baya.

Dogon sauti doguwar gaɓa yake so,
Ja gajera, ma'ana ta sauya.

Mai begen garinsu ya ja "ga" ɗin nan,
Sai a ji garin tuwo, abin kunya!

Ƙarshen amshi ka ba shi "a" ko "o",
Su ake ja har a cika farfajiya.

"I" da "u" a can sama matsewa suke,
Mawaƙi ya shaƙe, jijiya ta tashi a wuya.

Kada neman amsa-amo ya ja ka ta hanci,
Ka cusa kalmar wofi don ƙafiya.

Baba Mai Gurmi, Alaba Rago

Allah shi albarka, 'yata Malama.
Ɗana na Agege, ga 'yar gardama:
Ba Spotify ce ta kawo amshi da wuri ba.

Makaɗan baka gindi suke fara kafawa,
'Yan amshi su karɓa, ɗiya na biyowa,
Ba su bar taro ya yi ta jira ba.

Shata, da ya rasu a 1999, Allah jiƙansa,
Layi guda 'yan amshi ke maimaita masa,
Ba a ji taro ya ƙosa ba.

Gindi kalma biyar ne ko bakwai,
A ji shi sau biyu a riƙe shi sarai,
Wanda ya zarce goma bai cika zama a ka ba.

Sirrinsa gurbi: ka rera rabi,
Ka yi shiru, ka bar jama'a su bi,
Mai cike ko'ina bai bar musu ƙofa ba.

Wanda ya amsa da bakinsa sau ɗaya,
Waƙar ta zama tasa gaba ɗaya,
Ba zai kwana bai sake nemanta ba.

Maimaici kuma da sharaɗi yake:
Na farko da na biyu a bar su yadda suke,
Na uku in bai sauya ba, bai burge ba.

Sauya kalma guda, ko ɗaga ƙarshe,
Ko ganga ta tsaya a bar wa harshe,
Kaɗan ya isa, ban ce a rushe ba.

Kan sauti biyar yawancin karinmu,
Gurmi da garaya haka suka zo hannunmu.
Mai fiyano, ban ga ka shigo ba.

Mai Fiyano na Obalende

Ga ni Baba, ranka ya daɗe, na iso,
Biyar ɗin nan su ne do, re, mi, la da so.

Fa da ti baƙi ne a karin gida,
In sun yi yawa ɗanɗanonmu ya bar kiɗa.

Kod shi ne sauti uku a danne tare,
Guda huɗu sun isa waƙa ta ɗore.

Na 1, na 5, na 6, a rufe da na 4,
Kowanne zango ɗaya, a zagayo ba gudu.

In kana kan sautin C, sunansu C, G, Am, F ke nan,
Waƙoƙi ba adadi suna hawa kan wannan.

Na 5 bashi ne, kunne yana bin ka,
Na 1 biya ne, hankali ya sauka.

Na 6 mai sanyi, shi ke sa tagumi,
Fara daga kansa, begen ya ƙara ɗumi.

Sana'ar ke nan: ci bashi, ja lokaci,
Biya a bakin amshi, ba ha'inci.

Zango 4 kafin amshi kari ya dinga hawa,
Kalmomi su matsu, ganga na ƙaruwa.

Bugun ƙarshe ɗauke kiɗa, bes, sauti mai kauri, ma ya bi shi,
Amshi ya faɗo kan shiru, tsika ta tashi.

Sauti mafi bisa ka adana wa amshi,
In baiti ya riga taɓa shi, an kashe armashi.

Masana a Montreal, a 2011, sun gwada,
Sun leƙa ƙwaƙwalwar masu jin kiɗa:

Sinadarin dofamin na zuba tun ana jira,
Tun wurin daɗin bai kai ga zuwa ba ya fara.

Rawa kuwa, raba zango gida takwas,
Uku, uku, biyu, shi ne takun Legas.

Babbar ganga na daidai, wannan na kauce mata,
Jiki ke cike giɓin, ƙafa ta motsa da kanta.

In kaucewar ta yi yawa, mai rawa ya ɓace,
In babu ita sam, kiɗan ya mace.

Injiniyan Ijora

Yayyena kun gina, saura ɗauka,
Nan ne Legas ke gwada haƙurinka.

Janareta na ruri, wuta na kukan 50 Hz (awon kauri ko tsinin sauti),
Nesanta shi, raba wayarsa da ta sautinka.

Hon ɗin danfo ba ya barin makirufo,
Sai tsakar dare shiru yake sauka.

Fanka da na'urar sanyi a kashe su,
Bargo mai kauri a rataye a bayanka.

Santimita 15 zuwa 20 daga baki,
Da raga a tsakani, kar "b" da "f" su doka.

Matso kusa, murya ta yi kauri,
Mai ji ya ji mawaƙi dab da kunne haka.

Bar ƙarfin a -6 dB a ma'aunin ɗauka, kar ya taɓa jar alama,
Sautin da ya fashe ba mai gyara maka.

A haɗi, yanke ƙasa da 80 Hz a murya,
Ba komai can sai gurnani da iska.

200 zuwa 400 nan cunkoso yake,
Fiyano da murya na turereniya a tsaka.

Rage wa fiyano, kada ka ƙara wa murya,
Kalmomi za su fito, ba shakka.

Tsinin "s" da "ts" na 5,000 zuwa 8,000,
Danne shi kaɗan, kar ya soki masoyanka.

Bes mai zurfi waya ba ta iya fidda shi,
Sa masa ɗan kaushi, a ji shi a lasifika.

Auto-Tune, mai gyara karin murya, tun 1997 yake kasuwa,
Faɗa masa ki, sautin da waƙar ke kai, kafin ka saka.

In ka ba shi C alhali waƙa na kan D,
Zai karkatar da daidai, ya kunyata ka.

Spotify na daidaita ƙara wajen -14 LUFS (awon ƙarar waƙa),
Matse waƙa don ta yi ƙara, asara ce taka.

Za a rage ta, amshi kuma ya rasa tashi,
Don ka riga ka mai da shi kai ɗaya da baitinka.

Gwada a waya, a mota, da rediyon mai shayi,
In amshi ya fito a ukun, sallami kayanka.

Malamar Idi-Araba

Injiniya ƙanena, tsaya kan na'urar Auto-Tune ɗin nan,
Tana yi wa Hausa ɓarna ta baya.

"Rai" da "yau" da "kai" na jiki faɗowa suke,
Daga sama zuwa ƙasa a zame ɗaya.

In ka sa saurin gyaranta a sifili,
Sai ta mai da zamen tsalle, ta karya.

A amshi, in ado ne, ba na musu,
A baiti ana zance, sakar mata murya.

Injiniyan Ijora

Na karɓa Yaya: saurin gyara 25 zuwa 40 a baiti,
0 zuwa 10 in amon ƙarfe ne nufinka.

'Yar Amshi ta Ebute Metta

Baba, Yaya, ku ba 'yar amshi wuri,
Akwai abu uku da nake so in ambata.

Na farko ki: gwada sauti mafi bisa na amshi,
Tun ba a buga kiɗa ba za a saita.

In sai da ihu mawaƙi ke kai masa,
Sauke mataki ɗaya ko biyu, ya huta.

Waƙar mace da namiji ta fi wuya,
Inda ya ji daɗi, ita ya matse ta.

A ba ta amshi, shi ya riƙe baiti,
Ko ya bi ta da tsani guda, daga do zuwa do, ƙarƙashinta.

Na biyu ninki: baiti murya guda a tsakiya,
Amshi a rera sau uku, a daidaita.

Ɗaya tsakiya, ɗaya hagu, ɗaya dama,
Sai waƙa ta buɗe, taro ya shigo cikinta.

Kwafar ɗaya a liƙa ba ya yin faɗi,
Ɗan saɓanin rerawa shi ke ƙawata ta.

Amma ƙarshen kalma su faɗi tare,
In sun warwatse, kunne zai tsinta.

Na uku numfashi: sa alama a takarda,
Duk zango biyu mawaƙi ya ɗan shaƙata.

Injiniya, kada ka goge shi duka,
Shi ke nuna mutum ne, shi ke kusanta.

Ga ƙari: wadda ta ce "ke" ta fi mai cewa "mata",
Kowace ta ji sai ta ce da ni ake, ba wata.

Ambaci abu guda, tashar Iddo ko ruwan Yuni,
Ya fi "ina cikin damuwa" sau goma a maimaita.

Makaɗin Agege

Yaya Malama, na karɓi rabin gyaran,
Gudu da harshe tare ake yankewa.

Baba, kalangu da gangar amapiano
A waƙa guda, yaya ake haɗawa?

Baba Mai Gurmi, Alaba Rago

Ɗana, kalangu mai magana ne,
Hammata ke matsa shi, hawa da sauka ne,
Bai dace ya yi zance tare da mawaƙi ba.

Mawaƙi ya ƙare layi ya ja numfashi,
Bugu biyun nan na kalangu ne, a bar mashi,
Ya maimaita karin, ba ƙari ba.

Gangar Kudu ita ce bes, a bar mata ƙasa,
Kalangu ya zauna tsakiya zuwa bisa,
In sun faɗi tare, ba a ji kowanne ba.

Makaɗi ya ji waƙar kafin a ɗauka,
Ya nemo do da so a hammata, ya riƙe haka,
In ya kauce, na'ura ba za ta gyara ba.

Kuma damshin Ikko na sassauta fata,
A shanya ta a rana kafin a buga ta,
In an ƙi, amon ba zai tashi ba.